Digirin Taimakon Masu Shaye-Shaye a Jami'ar Kirista ta Intanet: Abin da Za Ka Yi Kafin Ka Biya Dala Ɗaya

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar coci. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini katin tiramol guda huɗu, duk an ɓalle ƙwayoyin, ta ce a cikin takalmin autanta ta same su. "Ɗana, kai ne shugaban matasa. Ka yi wa ƙanenka magana." Na ce, "To Mama, da yardar Ubangiji." Na je na same shi, na karanta masa Karin Magana sura 23, muka durƙusa muka yi addu'a, ya yi kuka ya ce ya bari har abada. Kwana tara ya koma ruwa. Da na koma wurin uwar bakina ya mutu, don duk abin da na iya na riga na zazzage shi a zama ɗaya.

Wannan rashin sanin ne ya tura ni neman karatu, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma a kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Biliri zuwa Numan, da wuya ka sami faston da wata uwa ba ta taɓa kwance masa bakin zane ba.

Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni ta intanet bisa bangaskiyar Kirista galibinsu a Amurka suke, kuma da dokokin Amurka da asibitocinta aka auna su aka ɗinka. Wanda ya manta da haka zai zuba dala ya karɓi takardar da ba ta san hanyar garinsu ba.

Da farko, wa za ka miƙa wa takardar?

Kafin ka buɗe shafin kowace jami'a, ɗauki biro ka rubuta wanda kake so ya karɓi takardar nan daga hannunka bayan shekara biyu ko huɗu. Amsar ce za ta zaɓa maka makaranta.

In burinka aikin ikilisiya ne, wato kai fasto ne ko mai bishara, ko ke matar fasto ce da 'yan mata ke lallaɓowa wurinki da dare, gwaninta ake nema, kuma mai yiwuwa satifiket na darussa biyar ko shida ya wadatar. Kada ka ɗora wa kanka digiri mai kiredit 120 (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi) don kawai sunansa ya fi daɗin faɗa a taron majalisa.

In kuwa aikin gwamnati ko na asibiti kake hange a Najeriya, nan ne ake yin kuka. Takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta, kuma NUC da NYSC sun daɗe suna yi wa digirin waje na intanet kallon hadarin kaji. Abin ya ƙara tsanani tun Janairun 2024, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Zuwa da kai ya fi aike: ka je Abuja ko ka rubuta wasiƙa, ka faɗi sunan jami'ar, ka faɗa ƙarara cewa ta intanet za ka yi, ka nemi amsa a rubuce. Akwai kuma dokar 2022 da ta kafa majalisar masu aikin ba da shawara ta Najeriya, sai ka tambaya ko takardar za ta ba ka damar rajista. Ga matashin da ba shi da digiri ko ɗaya, shawarata ya yi na farkon a gida, a ilimin halayyar ɗan'adam ko jinya ko aikin walwalar jama'a, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ɗora mastas ta intanet a kai. Mastas ɗin yawanci kiredit 36 ne zuwa 60, kuma ko wata hukuma ta ƙi ta, digirinsa na gida yana nan daram.

In kuma can ƙasan zuciyarka hanyar Amurka kake nema, gara ka ji tun yanzu. Karatun da ake yi kacokan ta intanet ba ya kawo takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, ba ya kawo bizar ɗalibi. Lasisin aiki a can jiha-jiha ake bayarwa, kowace da nata sharuɗɗan, kuma bayan digiri sai an tara awoyin aiki ƙarƙashin mai sa ido. Ma'aunin ƙungiyar IC&RC mai tsara ƙa'idojin shaidar masu wannan aiki, ga wanda ba shi da digiri, awa 6,000 ne. Digiri yana rage su, amma ba ya share su.

Na biyu, wa ya tsaya wa makarantar?

A Amurka ba gwamnati ce ke tantance jami'o'i kai tsaye kamar yadda NUC ke yi a nan ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke yi, su kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ko majalisar CHEA ta amince da su. Ga inda mutanenmu ke faɗawa rami: jihohi da dama sun ƙyale makarantun addini su ba da digiri ba tare da tantancewa ba. Don haka makaranta tana iya zama halal a jiharta, da tambari mai gicciye da kurciya, da farfesoshi a hoto, amma ba wata jami'a ko ma'aikata da za ta kalli takardarta sau biyu. Wasu ma su ke ƙirƙirar ƙungiyar da ta “tantance” su, ofishi ɗaya, lambar waya ɗaya.

Binciken ba ya cin minti goma. Ka shiga shafin CHEA, ko rumbun DAPIP na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, ka rubuta sunan makarantar. In ba ta fito ba, rufe shafin ka yi gaba. In ta fito, duba wace ƙungiya ce ta tsaya mata. SACSCOC da HLC suna cikin manyan da aka fi sani da na shiyya, kuma kiredit ɗin makarantunsu ya fi sauƙin ɗauka zuwa wata jami'a. DEAC ta makarantun nesa ce, ABHE da TRACS na makarantun Kirista ne. Dukansu na gaske ne, sai dai ba kowace jami'a ke karɓar kiredit daga waɗannan ukun ba, abin lura ga mai shirin ci gaba zuwa digiri na uku.

Sunaye uku da za ka yi ta cin karo da su: Liberty University a Lynchburg ta jihar Bajiniya, wadda Jerry Falwell ya kafa a 1971, tana ƙarƙashin SACSCOC. Grand Canyon University a Phoenix ta jihar Arizona, an kafa ta 1949, tana ƙarƙashin HLC. City Vision University a Kansas City ƙarama ce, ta intanet zalla, tana ƙarƙashin DEAC, kuma asalinta makarantar horar da ma'aikatan gidajen ceto na bishara ce, masu kwantar da marasa gida da mashaya a biranen Amurka. Dukansu suna da karatun taimakon masu shaye-shaye. Na kawo su ne don ka sami abin kwatance, ba talla nake yi ba, kuma sharuɗɗa kan sauya, don haka ka duba da idonka.

Bayan tantance makaranta akwai tantance shi kansa kwas ɗin. CACREP ce ke duba mastas na ba da shawara, NASAC kuma karatun jarabar ƙwaya. Ga mai neman lasisin Amurka CACREP tana da nauyi ƙwarai. Ga mai aiki a Zonkwa ko Gindiri ba dole ba ce, kuma wani lokaci takura ce, za mu zo wurin.

Sauran alamun kowa ya san su in dai zai yarda da idonsa: wakili a WhatsApp da ke cewa a tura kuɗi asusunsa, digirin dakta cikin wata shida, kiredit a kan “shekarun da ka yi a hidima” ba tare da jarrabawa ba, bikin yaye ɗalibai a zauren otal. Araha ba ta ado.

Na uku, wane irin Kiristanci ne a cikin manhajar?

A Hausa kalma ɗaya ce ta ɗauki kaya biyu. A Addu'ar Ubangiji muna roƙon kada a kai mu cikin jaraba, a unguwa kuma muna cewa wane jarabar wiwi ta kama shi. Tun a bakinmu an gama haɗa abin da zunubi. Makarantun Amurka kuwa sun yi shekara hamsin suna gardama a kan wannan, kuma ya kamata ka san ɓangaren da makarantarka take kafin ka shiga.

Ɓangare ɗaya ya biyo koyarwar malamin tauhidi Jay Adams tun 1970: shaye-shaye zunubi ne da bautar gunki, Littafi Mai Tsarki ya wadatar wajen gyaran zuciya, ilimin halayyar ɗan'adam kuma abin zargi ne. Ɗaya ɓangaren, inda yawancin digirin shaye-shaye da aka tantance suke, yana haɗa tauhidi da ilimin ƙwaƙwalwa da magani. Yana cewa mutum yana da alhakin abin da ya yi, amma ƙwaya tana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki har “na daina” ta kasa tsayawa ita kaɗai. Duk wanda ya karanta Romawa sura 7, inda Manzo Bulus ke kukan yana aikata abin da ba ya so, ba zai ji maganar baƙuwa ba.

Ni ina tare da na biyun, kuma ba littafi ne ya kai ni can ba. Na ga wani magidanci da ya shekara goma sha yana shan burkutu da rana, goskolo da dare. 'Yan'uwa suka kulle shi a ɗaki don azumin kwana uku da kyakkyawar niyya. Ranar farko hannunsa ya kama rawa. Ranar uku yana zufa yana kaɗe ƙwarin da ba kowa ke gani ba, ana ta tsawata wa aljanu. Ba aljanu ba ne. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke farat ɗaya, yana iya shiga jijjiga da ruɗewa tsakanin kwana biyu zuwa huɗu, kuma abin yana kisa. Haka ma mai shan roci ko diyazefam. Allah ya sa akwai wata nas a ikilisiyar da ta ce a sa shi a mota. Kwas ɗin da ba zai koya maka gane wannan ba, ko nawa ne ayoyin cikinsa, zai sa ka binne mutum.

Don haka ka nemi jerin darussan, ka kuma roƙi cikakken tsarin darasi biyu ko uku ka karanta. Abin da nake nema a ciki shi ne darasin yadda ƙwayoyi ke aiki a jiki, da darasin auna mai shaye-shaye da sharuɗɗa 11 na DSM-5, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, inda biyu ko uku ke nuna ƙaramar matsala, huɗu ko biyar matsakaiciya, shida zuwa sama mai tsanani. Sai darasin ciwon ƙwaƙwalwa da ke tafiya tare da shaye-shaye, da jagorancin zaman rukuni, da aiki da iyali, da ƙa'idojin sana'a, da hanyoyin tare komawa ruwa. In ka ga darussan tauhidi goma, na ƙwaya ɗaya, makarantar Baibul ce ta ari rigar likita. In kuma bangaskiyar ba ta wuce aya ɗaya a saman takardar aiki ba, to kuɗin suna kake biya. Mai kyau ita ce wadda za ta sa ka zauna ka yi kokawa da tambaya irin wannan: mai bi da likita ya ɗora a kan maganin metadon don ya rabu da hiroyin, shin ya sami 'yanci ko bai samu ba, kuma me za ka ce wa dattawan da suka hana shi cin jibi?

Za ka kuma haɗu da tarihin da ya kamata ka riƙe. Ƙungiyar AA ta mashaya masu taimakon juna su bar giya, mai matakai 12, ta fara a 1935 a Akron ta jihar Ohayo, kuma daga wata ƙungiyar Kirista, Oxford Group, ta tsiro. David Wilkerson ya fara Teen Challenge cikin 'yan daban Brooklyn a ƙarshen shekarun 1950. John Baker ya fara Celebrate Recovery a cocin Saddleback ta Kalifoniya a 1991. Kusan duk tsarin da ikilisiyarku za ta so ta kwaikwaya daga ɗayansu ya fito. Kafin ka sa hannu kuma ka karanta shaidar bangaskiyar makarantar da dokokin zamanta, don wasu suna ɗaure ɗalibi da su ko yana nesa.

Na huɗu, wurin gwaji, kuma wannan shi ne wanda ake tsallakewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Darasi yana zuwa ta waya, amma ba wanda ya taɓa koyon zama da mai shaye-shaye ta waya. Kusan kowane digiri na kirki yana da awoyin aikin gwaji. A kwas ɗin CACREP awa 100 ne na farko, sannan awa 600, wasu kwasa-kwasan kuma ƙasa da haka. Matsalar ita ce makarantar ce ke faɗin wanda ya cancanci ya sa maka ido, kuma sau da yawa fom ɗin yana neman mai lasisin wata jihar Amurka. Wasu kwasa-kwasan ba sa ɗaukar wanda ke wajen Amurka sam saboda wannan, wasu kuma suna da mako guda da dole a je harabar makaranta, wato maganar biza ta dawo.

Ni ban tambaya ba. Na gama darussan aji lafiya, na kai sunan wata ƙwararriyar likitar ƙwaƙwalwa da ta yarda ta duba ni, makarantar ta ce ba ta gane takardunta ba. Wata bakwai ina aika wasiƙa ana tura ni daga ofis zuwa ofis. Saboda haka kafin ka biya ko kuɗin fom, ka aika wa shugaban kwas ɗin, ba mai amsa wayar talla ba, tambayoyi a rubuce. Kuna ɗaukar ɗalibi mazaunin Najeriya? Zan iya yin aikin gwajina a nan? Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya mai rajista a Najeriya zai iya sa mini ido? Akwai zuwa harabar makaranta? Kuna buƙatar inshorar aiki ko takardar shaidar hali daga 'yan sanda? Ka ajiye amsar inda ba za ta ɓace ba.

Sannan ka nemo wurin tun yanzu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano, kuma NDLEA tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Ka je da wasiƙar fastonka da kwafin sharuɗɗan makarantar, ka gaishe da shugaban sashe da ladabi, ka tambaya ko akwai wanda zai ba ka awa ɗaya a mako. Gidan da za ka guje wa shi ne duk inda ka ga mari a ƙafar mutum. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da kimanin mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, kuma kada mu ɗaga hanci, binciken Human Rights Watch na wannan shekarar ya tarar da sarƙa a gidajen addu'a na coci ma. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tsaya wa haƙƙin waɗannan mutanen.

Zaman farko da na yi a asibiti, saurayi ne ɗan shekara 24 mai shan tiramol don ya jure aikin acaɓa. Na yi masa nasiha mai daɗi ta minti arba'in. Da ya fita, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, minti nawa ya yi magana?" Ban amsa ba. Ta ce, "Uku. Na duba agogo. Ka san me ya sa yake sha?" Ban sani ba. A darasi na ci jarrabawar salon tattaunawa da William Miller ya fara a 1983, wanda ake sa mutum ya faɗi dalilin canzawa da bakinsa, amma bakin mai wa'azi ya riga ya saba. Mako na gaba abin da na ce kawai shi ne, "Ɗan'uwa, me ƙwayar nan take yi maka da kake so?" Ya yi shiru, ya dube ni, sai ya fara da bashin babur.

Na biyar, lissafi

Luka sura 14 ta yi maganar mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya ƙirga kuɗi tukuna. Ana sayar da karatun Amurka kiredit-kiredit ne, darasi ɗaya galibi kiredit uku. A ce kiredit dala 300 ne, misali kawai, digiri na farko ya kama dala 36,000, mastas mai kiredit 48 kuma dala 14,400, ban da kuɗin fasaha da littattafai da na yaye. Tallafin gwamnatin Amurka da ake cika fom ɗin FAFSA dominsa ba na ɗan waje ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Abin da za ka tambaya shi ne rangwamen masu hidimar ikilisiya da na 'yan ƙasashe masu tasowa, don wasu makarantun suna da shi amma ba sa shela.

Babban dodo shi ne canji. Wanda ya fara a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ka biya darasi-darasi, kada ka ci bashin shekara. Ka buɗe asusun dala, ka tambayi bankinka ko Fom A, na neman dalar biyan kuɗin makaranta, ya shafi irin karatunka. In ikilisiya ce za ta ɗauki nauyi, a rubuta a littafin majalisa, domin ana canja fasto, alkawarin baki kuma yakan bi shi. In kana da difloma ko NCE, ka nemi a ƙirga maka kiredit ɗinsu, wani lokaci yana rage darussa da dama.

Na shida, takardun shiga

Wannan ba wuya, jinkiri ne kawai. Sakamakon WAEC ko NECO ga mai digiri na farko, cikakken sakamakon jami'a ga mai mastas, wanda tsohuwar makarantarka za ta aika kai tsaye zuwa kamfanin auna takardu irin WES ko wani ɗan ƙungiyar NACES. Ka ba wannan wata uku ko fiye, ka san ofisoshinmu. Wasu makarantun suna yafe wa ɗan Najeriya jarrabawar Turanci, wasu suna neman TOEFL ko IELTS ko ta Duolingo, wadda ta fi araha kuma a gida ake yi. Sunanka ya zo iri ɗaya a kowace takarda. A wasiƙar dalilin neman shiga ka bar manyan kalmomi, ka ba da labari ɗaya na gaskiya ba tare da sunan kowa ba.

Na bakwai, yadda mako yake tafiya

Yawancin darussan mako takwas ne, kuma darasi ɗaya yana cin awa 15 zuwa 18 a mako. Mai aiki da iyali ya fara da ɗaya. Kowane mako akwai karatu, da rubutu a dandalin aji da amsa wa abokai biyu, da gajeriyar jarrabawa ko maƙala. Ba lallai ku haɗu kai tsaye ba, amma agogon nasu ne. Ƙarfe 11:59 na daren Lahadi a gabashin Amurka shi ne 5:59 na asubahin Litinin a nan daga Nuwamba zuwa Maris, sauran watanni kuma 4:59. Arizona ba ta juya agogo, awa takwas ne tsakaninmu kullum. Na taɓa tura maƙala da ƙarfe huɗu da rabi na asuba ina tsaye a kan tankin ruwa, nan ne kawai sabis ke kamawa, batir saura kashi shida. Tun daga ranar na mayar da Juma'a ranar ƙarshe a wurina, na kuma sayi layi na biyu.

Ka sauke littattafai da bidiyo lokacin da data ke araha. Ka koyi salon APA na kawo madogara tun makon farko. Kwafe kuwa, wanda wasunmu suka saba da shi ba tare da sun ɗauke shi laifi ba, manhaja irin Turnitin tana kamawa, kuma ana kora a kansa.

Na takwas, mayar da darasin Hausa

Littattafan za su cika ka da fentanil da inshorar lafiya da kotunan ƙwaya. A unguwarku sholisho ne da wiwi da tiramol da kwalbar sirof a bayan makarantar firamare. Duk aikin da aka ba ka zaɓin batu, ka jawo shi gida. Malaman da na yi karatu a hannunsu sun fi son haka ma. Ka ɗauki tambayoyin AUDIT guda 10 da na ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ake auna mai shaye-shaye da su, ka gwada yadda za a yi su da Hausa ba tare da mutum ya ji ana tuhumarsa ba, ka nuna wa mai sa maka ido. Ka nemi reshen Najeriya na ISSUP, ƙungiyar masu aikin shaye-shaye ta duniya, ka tambayi horon UTC na kula da masu shaye-shaye da jarrabawar ICAP ta samun shaidar aiki. Wannan shaidar an yi ta ne don ƙasashe irin namu, kuma tana cike giɓin lasisin Amurka da ba za ka samu ba.

Darasin da ya fi yi mini wuyar kawowa gida shi ne riƙe sirri. Za a koya maka dokokin Amurka irin HIPAA, waɗanda ba su da iko a nan, amma dalilinsu yana da iko. A ikilisiya asiri yana fita ne ta ƙofar addu'a. "Mu tuna da ɗan Mama wance a addu'a, kun dai san halin da yake ciki." Shi ke nan, kafin yamma an ji a kasuwa, yarinyar da zai aura ta ji, shi kuma ba zai sake taka ofishinka ba. Tun zaman farko ka faɗa masa abin da za ka riƙe da abin da ba za ka iya riƙewa ba, wato in ransa ko na wani yana cikin haɗari. Baba Fasto ma sai da izinin mai maganar. Ka gaya wa iyaye kuma cewa wanda ya yi wata biyu bai sha ba jikinsa ya sauka, in ya koma ya sha adadin da ya saba yana iya mutuwa, don haka ranar da ya zame ba ranar kora daga gida ba ce.

In ka buɗe zaman rukuni, ka sa shi ranar aiki da yamma, a ɗakin da ke da ƙofar baya, kada a rubuta komai a allo. Ba da daɗewa ba maƙwabcinku Musulmi zai kawo ɗansa, don ƙwaya ba ta tambayar sunan yanka. Ka gaya masa gaskiya cewa kai Kirista ne kuma a makarantar Kirista ka yi karatu, kada ka sa addu'arka ta zama kuɗin shiga, in kuma yaron yana so a haɗa da limaminsu, a haɗa. A bangon ɗakin, kusa da ƙofa, ka manna lambar wayar nas ɗin da ke kusa, da ta direban da zai tashi ko ƙarfe biyu na dare, da sunan asibitin da ke da gado.